Masu Gadi Biyu a Ƙofa Ɗaya

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ka gaishe mini da matarka da yara. Ni lafiya lau, sai tsayuwar wurin aiki da take ɗan kumbura mini ƙafa, ba wani abu ba ne.

Raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Kwamfutar da na aiko wa Inna don mu riƙa ganin juna ta zo da manhajar kariya a cikinta. Wa ya aike ka ka ƙara wata? Kai ga gwani. Yanzu kowacce sai ta tare abin da ya shigo ta intanet ta bincika, kafin kiran bidiyo ya wuce su biyun ya yanke. Ka yi ta ce mini matsalar daga nan take, har na kai wayata wurin mai gyara. Ya ce lafiyarta ƙalau, in tambayi abin da kuka saka a can.

Ka cire wadda ka ƙara. In hoton bai dawo ba, ka shiga saitin ta asalin, wajen binciken intanet, ka sa manhajar kira cikin waɗanda aka yarda su wuce. Kada ka kashe kariyar gaba ɗaya, na san halinka.

Jiya a waya Inna ta ce, "Ko wani abu ya same ki ne kike ɓoye mini fuska?" Na rame, gaskiya ne. Amma gara ta ga ramar da ta zauna tana zaton gudun ta nake.

Allah ya shirye ka.

Yayarka