Ba su kawo kofin ba

Zuwa ga ɗan farina, Babangida,

Bayan gaisuwa da addu'a, ina fatan Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma rubutuna dariya yake ba ka. Amma abin ya tsaya mini a ƙirji, kuma kai kaɗai nake iya gaya wa.

Gida lafiya. Ƙanwarka Hadiza ta ci jarrabawarta. Asansar, na'urar hawa benen gidanmu na Saint-Denis nan gefen Paris, ta sake lalacewa, da ƙafa nake hawa, ba wanda ke karɓar mini jaka a ƙasa.

Babangida, ƴan jami'arku sun ci kofin.

Ka tuna ran da ka ce mini ka shiga wasan hoki na ƙanƙara? Na ce ɗan Damagaram da ƙanƙara, in ba a cikin firigo ba, ina suka haɗu? Takalmi mai wuƙa a ƙasa, sanda a hannu, ƙattan mutane na bin wani ɗan baƙin faifai. Ban taɓa gane dokarsa ba. Abin da na gane a gasar bana shi ne duk jami'ar da aka kayar ta koma gida ke nan. Kai ka zuba ƙwallon da ya kai su wasan ƙarshe. Ka kira ni daga Lyon muryarka a dishe, ko gaisuwa ba ka ƙarasa ba. A makon ne mota ta kife da kai.

Kai ka gaya mini al'adar kofin. Ana sassaƙa sunan kowane ɗan wasa a gindinsa, sannan kowa a ba shi rana guda ya kai shi gida. Ka ce wasu giya suke zubawa a ciki, amma ran da ya zo hannunka za ka wanke shi tas, ka hau jirgin ƙasa da shi, in dama fura a ciki a raba wa maƙwabta.

Abokan wasanka sun zo ta'aziyya, har da mai koyar da ku. Suka cire takalma suka zauna a kan tabarma. A gaban Malam Isufu limaminmu mutumin ya dafa ƙirjinsa, ya ce in sun ci, sunanka zai hau kofin, kuma ranarka tana nan, za su kawo mini. Abakar ne ya mayar mini da maganar da Hausa, kuma bai rage komai ba. Abakar naka, da kuka tashi tare kuke kuma wasa tare, wanda ya san inda nake ajiye yaji. Ni a saninmu, alkawarin da aka ɗauka a zaman makoki, a gaban liman, ba ya tashi. Ashe a wurinsu magana ce ta sanyaya zuciya, irin wadda ake bari a bakin ƙofa in an sa takalmi.

Da labarin nasara ya zo, na aika aka sayo gero. Na gaya wa matan benenmu. Hajiya Mariyama maƙwabciyarmu ta yi ta tambaya ta yaushe baƙin za su zo, har ta gane ta daina.

Sai Hadiza ta nuna mini hoto a tarho. Abakar ne a Clichy-sous-Bois, gidan iyayensa, ya ɗaga kofin sama, ana ta ihu. Kofin ya shigo Paris, ya kwana, ya koma. Daga can zuwa nan wace tafiya ce? Da Bature ne ya manta, da na ce bai san mu ba. Shi fa?

Ban yi shawara da kowa ba, na ja Hadiza muka tafi Lyon. Ban taɓa zuwa kallon wasanka ba, tsoro nake kar a buge ka a gabana, sai ga ni na je bayan ba ka. Muka hau tiram, jirgin cikin gari, har unguwar Bron inda jami'arku take. Kofin na cikin akwatin gilashi a zauren jami'ar, ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Na hana Hadiza karanta mini. Na sa yatsa a kan gilashin, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da ɗan karatuna. Na ga na Abakar. Na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Babu kai.

Wata mata a ofis ta yi mana bayani cikin ladabi, cewa dokar gasar sai wanda ya shiga wasan ƙarshe ake rubutawa. To wa ya kai su wasan ƙarshen? Kuma mai koyar da ku bai san dokar ba lokacin da yake dafa ƙirji a kan tabarmata? Abakar ya turo saƙo daga baya, wai kunyar haɗa ido da ni yake ji. Ban amsa ba. An ce in yafe. Ina ƙoƙari, amma ba zan yi maka ƙarya ba, ban kai ba tukuna.

Ka san abin da ya sa ya ci mini rai haka? Kai ne na fari, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar. Kana ƙarami ka tambaye ni ko sunan ne ba na so, na kore ka waje. Ina son sa. Ni na roƙi babanka ya sa maka shi. Na sa rai ƙarfen nan zai faɗa a madadina, kowa ya karanta, ni in yi shiru da kunyata.

Geron ban bar shi ya lalace ba. Ranar Juma'a na dama furar a ƙwaryar da na zo da ita daga gida, na raba sadaka hawa-hawa. Duk wanda ya karɓa ya yi maka addu'a.

Tunda sun ƙi rubutawa, ni zan rubuta, ko da ya karkace.

Nasiru. Nasiru ɗana.

Sai mun zo.

Innarka