Fuskar Inna ta fito daidai

Yaya,

An dace! Na gano abin da yake ɓata mana hoton zanen fuskar Inna da ka yi. Ba wayarka ba ce, ba kuma fentinka ba. Jan mayafina ne! Duk lokacin da na tsaya gaban zanen zan ɗauka, sai sheƙin fentin ya kwashi jan ya watsa mata a fuska, shi ya sa take fitowa kamar mai zazzaɓi.

Da safen nan na fitar da zanen baranda, inda rana ba ta bugawa, na kashe fitilar wayar, na zura baƙar rigarka. Ɗauka ɗaya, Yaya! Launin fatarta, shuɗin ɗankwalin, har ɗan tabon nan na haɓarta, komai ya fito yadda ka zana. Saura kaɗan in kurma ihu in tashe ka.

Matar da ke kula da gidan baje kolin zane-zane ta ce yau za ta sa shi a shafinsu na intanet, to ka tura mata kafin azahar. Kada ka ƙara masa haske, na san halinka.

Sai dai wayar tana hannun Baba. Ka san idonsa ba ya ganin zanen sosai, sai na buɗe masa fuskar ta cika wayar. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ga ta nan." Tun rasuwarta ban ga wannan murmushin ba.

Na makara aiki. Ka bar shi ya ƙoshi da kallo, sannan ka karɓa.

Auta