Ƙofar da Na Bari a Buɗe a Wayar Kabo

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ya aiki, ya iyali, ya kuma haƙuri da wannan matsin da muke ciki? Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk canza su na yi. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Jibi Asabar za a sa ni in yi alwala in dafa Alƙur'ani, kuma har yanzu ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Ina aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma mai raba taki da iri, babban ofishi a Gwarzo, reshe a Kabo. Ni ne mai kula da kwamfuta. Injiniya ake kirana, ni kuma ina amsawa har da gyara hula, alhali iyakar abin da na yi shi ne zaman shekara biyu a wani shagon gyara a Kano. Da abubuwa suka matse aka daina ba ma'aikata katin waya, sai manajanmu Alhaji Sule ya ce a sa wayoyin tebur masu aiki da intanet, yadda Gwarzo za ta riƙa kiran Kabo kyauta. Ya tambaye ni ko zan iya, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Ban taɓa haɗa ko guda ɗaya ba. Kowace waya sai an ba ta lambarta, ni kuma na fara rabo daga bakin ƙofa. Sito ne ɗakin farko, don haka lamba 100 ta faɗa kan Malam Yohanna, mai kula da sito. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya kusa shekara ashirin a Gwarzo, matarsa tana koyarwa a firamare. Shi ya riƙe mini tsani ranar da nake jan waya ta cikin silin, yana dariya yana cewa, "Ƙanena, a hankali, idan ka faɗo ba mu da wani injiniyan."

A Gwarzo komai ya tafi daidai. Kabo ce ta ƙi. Idan aka kira, su suna jin mu, mu ba ma jin su. Kwana uku ina zirga-zirga a babur, na canza waya, na kashe na kunna, na sake shigar da lambobi, shiru. Alhaji Sule ya fara yi mini wani irin kallo, kuma kowa ya san akwai jerin sunayen waɗanda za a rage a aljihun teburinsa. Rana ta uku na shiga cikin saitin akwatin intanet na Kabo ta kwamfuta. Akwatin nan yana da wasu ƙofofi a cikin saitinsa, ba a ganin su da ido, da ake rufewa don kada na waje ya shigo ta intanet. Ban san wacce ce ke tare muryar ba, sai kawai na buɗe su duka. Nan take murya ta tafi ta dawo garau. Aka yi mini sannu da aiki, na ce a raina gobe zan dawo in rufe waɗanda ba a buƙata. Goben nan ba ta zo ba.

Bayan kamar mako biyu wayar da ke teburin Malama Rabi ta fara ƙara. Ita ce sakatariyar Kabo, matar aure ce mai kamun kai, wadda da ƙyar mijinta ya yarda ta yi aiki. Wayar za ta yi ƙara, gilashin ya nuna 100, ta ɗauka ta yi sallama, babu amsa. Ta ajiye, bayan ɗan lokaci a sake. Wata rana sau biyu, wata rana har ta daina ƙirgawa. Kuma tunda ƙarfe huɗu ake kashe janareto wayoyin su mutu, a lokacin aiki kawai abin ke faruwa, lokacin da Malam Yohanna yake zaune shi kaɗai a sito ba mai ganinsa. Ta yi haƙuri har ta gaji, ta gaya wa mijinta. Ya zo Gwarzo da kansa, aka tara mu a ofishin manaja. Malam Yohanna ya rantse da Allah bai taɓa kiranta ba sai kan maganar buhuna. Alhaji Sule ya juyo ya dube ni ya ce, "Injiniya, zai yiwu waya ta nuna lambar mutum alhali ba shi ya kira ba?" Kowa ya zuba mini ido. Me ya hana ni in ce bari in bincika? Girman kai, wallahi ba wani abu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ƙarya. Lambar da ta fito ita ta kira."

Washegari na buɗe rajistar da ke adana duk kiran da aka yi tsakanin ofisoshin biyu, don in fitar da hujja. Babu. Babu kira ko ɗaya daga 100 a lokutan da ta lissafa. Na shiga bincike a intanet, ashe abin sananne ne ga masu sana'ar gaske. Akwai ɓarayi a wasu ƙasashe da ke sakin na'ura tana bin akwatunan mutane tana ƙwanƙwasawa, inda ta tarar da ƙofa a buɗe sai wayar wurin ta yi ƙara, ta nuna lambar bogi, kuma irin su 100 suka fi sawa. Babu mutum a ɗaya ɓangaren ma sam. Ni na buɗe ƙofar, ni na ba bawan Allah lambar, ni kuma na tsaya a gaban mutane na ce na'ura ba ta ƙarya.

A nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Ranar Litinin aka ba Malam Yohanna takardar dakatarwa. A ranar, da azahar, na hau babur na tafi Kabo da sunan duba firinta, na rufe ƙofofin nan a ɓoye, na bar guda biyun da na gano su kaɗai ake buƙata. A tunanina idan ƙarar ta tsaya, magana za ta mutu, a mayar da shi bakin aiki, ni ma asirina ya rufu. Ina hankalina ya tafi? Ƙarar ta tsaya, amma ta tsaya ne a ranar da aka kore shi daga kusa da wayar. Yanzu duk wanda ka taɓa sai ya ce, "To ka gani? Tunda aka cire shi ko sau ɗaya ba ta sake ƙara ba." Har waɗanda suke kare shi da farko sun yi shiru. Da hannuna na ƙera musu hujjar da ba su da ita.

Kun san yadda irin wannan magana take a garuruwanmu tun da Shari'a ta kankama. Ba a ɗaukar zancen matar aure da wasa, balle a ce baƙo ne. Labarin ya bar ofis ya shiga kasuwa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Yanzu cewa ake yana yi mata maganganun banza, abin da ita kanta ba ta taɓa faɗa ba. Iyaye biyu sun je sun ce a cire 'ya'yansu daga ajin matarsa. Mai gidan da yake haya ya aika masa cewa yana son yin gyara. Shekaranjiya na wuce ta layinsu na ga samari zaune a kan dakalin da ke kallon ƙofarsa, wurin da ban taɓa ganin kowa ya zauna ba. Ba sa hira, ba sa komai, suna zaune ne kawai. Mai unguwa da liman sun ce a zauna Asabar a kashe wutar, idan ba ta mutu ba mijin Malama Rabi zai kai gaban alƙali.

Jiya da safe Malam Yohanna ya tare ni a wajen mai shayi. Ya rame. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Ƙanena, na gaya wa mai unguwa ni ba ni da shaida sai kai. Kai ka san cikin injin nan. Ka sake dubawa don Allah, ko akwai abin da ya kuɓuce maka." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Ya ce, "Na tura yaran gida wurin kakarsu. Ni dai ba zan gudu ba, idan na gudu na amsa laifi ke nan." Ya biya kuɗin shayina ya tafi.

Ina tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Idan na faɗi gaskiya aikina ya tafi, don Alhaji Sule dalili kawai yake nema, ga matata da goyo, ga mahaifiyata a Kutama da ni ta dogara. Mijin Malama Rabi kuma fushinsa kaina zai dawo, ni da na bar wayar matarsa a buɗe ga duniya, na kuma yi shiru mako uku. Za ma su yarda da ni? Wa zai fahimci zancen ƙofar da ba a gani? Ba za a ce saye ni aka yi ba? Har wata dabara Shaiɗan ya kawo mini: in koma Kabo gobe in sake buɗe ƙofar, wayar ta yi ƙara da 100 alhali Malam Yohanna yana gida a dakace, kowa ya ga ba shi ba ne, ni kuma ban ce uffan ba. Amma wannan baiwar Allah Malama Rabi fa, da ta fara samun natsuwa? Mijinta ya rantse idan ta sake ƙara ko sau ɗaya ta bar aikin har abada. Kuma ko an wanke Malam Yohanna ta wannan hanyar, Asabar za a tambaye ni abin da na sani, hannuna a kan Littafin Allah.

Wayar teburin Malam Yohanna tana nan a cikin durowata, an ce in adana ta a matsayin shaida. Takardar da na manna mata tana nan, da sunansa da lamba 100, da rubutun hannuna. Saura kwana biyu, kuma mutumin ya kwantar da hankalinsa ne saboda ni zan yi magana.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?