Mukullin Motar Auta

Aikin farko na yau: tayar da mota.

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Mu nan lafiya lau. Inna ma ƙafar ta yi sauƙi, tana gaishe ka.

Layin nan na sama, jiya na rubuta wa kaina shi don sabo. Da safe na fito tsakar gida, na tarar da tamfol a naɗe da ɗigon baƙin mai a ƙasa, sannan na tuna.

Auta, motarka tana hannun hukumar hanya tun ranar Talata. Na so in kira ka, amma ka san wurinku babu sabis, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kayan abinci wannan takarda.

Bayan tafiyarka an yi sabuwar doka kan masu wasa da mota a titi. Duk wanda ya gani sai ya ɗauki bidiyo ya tura wa wata lamba, su kuma su zo su ɗauke motar. An ɗauki taka tana juyi a gaban firamare, daidai lokacin da yara ke tashi. Ƙaramar 'yar maƙwabcinmu Tela ta yi tsalle don ta kauce, ta faɗa kwata, hannunta ya karye. Washegari suka zo da janwe suka ja ta.

Na je ofishinsu. Jami'in ya ce, "Malam, mu lambar mota muka gani, ba mu ga fuska ba. Mai mota ya kawo wanda ya tuƙa kafin ƙarshen wata. In bai kawo ba, laifin nasa ne, a soke lasisinsa, a yi gwanjon motar." Na ce mai motar yana can wurin aiki mai nisa. Ya ce, "To ita ta tuƙa kanta ke nan?"

Na hango ta a filinsu, a rana. Na roƙa su bar ni in rufa mata tamfol, suka yi mini dariya.

Amana ka bar mini, ban riƙe ba. Na fara wannan takarda na yaga, na sake farawa, kuma har yanzu ban tabbata na faɗi abin yadda ya kamata ba. Ka huta lafiya.

Yayanka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Anti da yara.

A kan tayar tifa na zauna na karanta takardarka. Ka zayyano mini doka tsaf kamar kai ka kafa ta, har da dariyar da aka yi maka, amma ka tsallake abu biyu. Wa ya tuƙa? Wa ya tura?

Kada ma ka ce kai ka tuƙa. Kai da ko keke ka hau, mai tafiya a ƙasa sai ya cim maka, ya gaishe ka, ya wuce.

Ka san abin da motar nan take a wurina. Don ita nake shaƙar ƙurar dutse a nan, in gama in dawo in riƙa haya da ita, ina kwana a gida kamar kowa. In aka soke lasisin, ko tifar nan ba zan ƙara hawa ba.

Shi kuma wanda ya tura, na tabbata ɗan layinmu ne. Ba shi da hannun ƙwanƙwasa ƙofa ne? A zo gida a yi magana, a ja kunnen wanda za a ja, a kai yarinya asibiti. A'a, sai a danna waya a ɓoye a kashe wa mutum sana'a. Ka faɗa mini ko wane ne. Ba dukansa zan yi ba, so nake in san wanda zan daina gaisarwa.

Ya hannun yarinyar? Ka amsa mini ta hannun direban nan kafin ya juyo. Sai na ji daga gare ka.

Ƙanenka Auta.

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka, na gode. Kowa yana amsawa. An ɗaure hannun yarinyar, likita ya ce zai haɗe. Zan amsa tambayoyinka bi da bi.

Na farko, ɗanka ne, babban ɗana Dogo. Ka ce a riƙa tayar da motar kullum don kada batir ya mutu. Ni nake yi, har a wurin aiki aka dawo mana da buɗe sito da sassafe. Sai na miƙa masa mukulli, na nuna masa: a tayar, a bar ta ta ɗumama, a kashe, a rufe. Na ce kada ya taɓa giya. Ya ce to. Ni da ba na barin ko ƙusa ta fita daga sito ban sa hannu ba, na ba ɗan shekara goma sha takwas mukullin mota, ban ƙara waiwaya ba.

Na biyu, ni ne.

Da dokar ta fito, mutanen layi suka ɗora mini turawa, don yawancinsu ba su iya ba. Ni ma na rubuta lambar a bangon shagon aski. Ranar, ina dawowa daga aiki, matar Tela ta tare ni a ƙofa da waya a hannu, zanenta duk ruwan kwata. Ƙanenta ne ya ɗauka. Ta ce, "Baban Dogo, tura musu." Na kalla. Daga nesa aka ɗauka, ita kuma ba ta san motar ba, tunda kullum a rufe take a cikin gida. Ni na ga madubin hagu, wanda na naɗe da baƙin salatif da hannuna.

Na ce mata sabis ba kyau, ta bari sai an jima. Ta leƙa ta ce, "Ai ga shi nan a cike." Tana tsaye tana kallon yatsana. Na danna.

Har yau ban sani ba, don gaskiya na tura ko don kunyar idonta. Da ba ta tsaya a kaina ba, wataƙila da na goge. Wannan tunanin ya fi damuna.

Ga inda muke. In na kai Dogo, kotu za su kai shi, sunansa ya shiga takardarsu. Ka san an kira shi tantancewar aikin kashe gobara, kuma ba sa ɗaukar mai tabo. In ban kai shi ba, kai ne. Na koma ofishin na ce ni na tuƙa. Jami'in ya kunna bidiyon, ya tsayar a inda wani siririn hannu ya fito ta taga yana ɗaga wa abokai. Ya kalli hannun, ya kalli nawa, ya ce, "Malam, je ka gida."

Antinka ba ta ce mini komai sai "ga abinci." Dogo ba ya fita daga ɗaki. Ka yanke abin da ka ga dama a kaina. Wassalam.

Yayanka.

*

Yaya,

Salam. Direba ya zo ya koma ban ba shi amsa ba, sai wannan zuwan. Da kana kusa ranar, da na faɗa maka maganar da ƙane ba ya faɗa wa wansa. Allah ya taimake mu da nisa.

Kada ka kai yaron. Ni na riƙa ɗora shi a wuya ina zagaya layi da shi, lokacin kai kana kunyar ko sunansa ka kira. A bar abin a kaina. Na yi magana da shugaban aiki, akwai gurbin mai riƙe tuta a bakin hanya, ba ya son lasisi. Albashin rabi ne, ranar kuma duka ce, amma ba zan mutu ba. Mota ƙarfe ce.

Ban ce na huce ba. Kuma don Allah ka daina rubuto mini "na farko, na biyu" kamar kana ƙirga buhunan siminti.

Ka gaida Inna, kada ka gaya mata. Ka gaida Dogo.

Auta.

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina godiya.

Na ba Dogo takardarka ya karanta. Ya ce, "Baba Auta ne zai riƙe tuta?" Na ce haka ka rubuta. Ya sa takalmi ya fita. Ashe gidan Tela ya je. Ban san abin da suka ce masa ba. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ƙarfe nawa ofishin suke buɗewa?"

Ban ce ya je ba, ban kuma ce kada ya je ba. Na faɗa masa lokacin. Na yi ta tambayar kaina ko don haka na ba shi takardar tun farko, ban sami amsa ba.

Ka yi haƙuri, wannan maganar taka ma ban riƙe ba. Allah ya dawo da kai lafiya.

Yayanka.

Ayyukan gobe:
Goge wa Dogo farar riga.
Ɗauko takardun mota daga akwati.
Roƙon maigidan sito hutun rabin yini.
Gaya wa uwarsa, kafin mu fita.
Share wurin ajiye mota.
Mukulli, a aljihuna.