Fayil ɗin Auta

Litinin, 3 ga Maris
Asibiti. An mayar da ɗana Auta ɓangaren manya. Sabuwar likitar ta tambaye shi wane aiki aka yi masa yana jariri, sai ƙaton nan, shekara ashirin da biyu, ya juyo yana kallona. Na buɗe baki, ta ce, "Mama, shi nake tambaya." Bai sani ba. Wai an dai yanka masa ciki. Na ji kunya har cikin raina. Wata mai zuwa zai tafi aikin walda, tafiyar yini guda. In ya faɗi a can, wa zai yi masa bayani?

Laraba, 5 ga Maris
Babansa ya ce laifina ne, ni nake amsawa tun kafin a tambaya. Ban kula shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Asabar, 15 ga Maris
Na zaunar da shi, na buɗe fayil ɗinsa na asibiti. An haife shi hanyar matsarmama a toshe, ido rawaya, kashi fari fat kamar alli. Yana kwana hamsin da biyu aka haɗa hanjinsa da hanta. Mu uku ne a ɗakin jinya, jariranmu duk ciwo ɗaya. Ɗaya ɗanta ya rasu, ɗaya sai da aka yi wa 'yarta dashen hanta. Nawa ga shi yana cinye min tukunya. Alhamdulillahi. Na ce in ya ji zazzaɓi da rawar sanyi, asibiti a ranar, ba kantin magani ba. Na sa ya maimaita. Ya ce na zama malamar makaranta.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Ya tafi da fayil ɗin. Durowar da nake ajiye shi ta yi fili.

Juma'a, 23 ga Mayu
Ya kira. Ashe kwanansa shida a gadon asibiti! Zazzaɓi ya kama shi a wurin aiki, mai gidansa ya miƙo masa ƙwaya, ya ƙi. Da ƙafarsa ya je, da bakinsa ya yi bayani, aka sa masa magani ta jijiya. Hantar lafiya. Na ce don me bai kira ni ba? Ya ce, "Umma, na san abin da zan ce." Na zazzaga masa faɗa, na ajiye wayar, na yi sujada ina kuka. Na gode wa Allah, amma abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 24 ga Mayu
Na haɗa jaka da safe, zan je wurinsa. Har na sa takalmi. Da azahar na kwance ta. Kuɗin mota ne ya yi tsada, haka na gaya wa babansa.