Lasifikata Ta Cinye Muryar Inna

Malam Muktar, assalamu alaikum. Ka taimake ni ka raba gardama tsakanina da ɗiyata kafin Asabar mai zuwa, don in Asabar ta wuce ba ni da abokin gardamar, ta koma Gusau. Ka yi haƙuri da rubutuna. A aji biyar na tsaya, shi ma hedimasta ne ya ga na fi shi gemu ya ce in tafi in nemi sana'a.

Sana'ar da na samu ita ce lasifika. Shekara ashirin da shida ina ɗaura ta bisa icce da katanga, daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka: wa'azi, suna, saukar karatu. Kada ka buga sunana, ko da yake masu wanga aiki a garinmu mu uku ne, ɗaya ya rasu, ɗayan kuma, Dalhatu, ba ya iya rubuta wasiƙa.

Lauratu ita ce ta uku a 'ya'yana. Ta yi karatun aikin rediyo, ta dawo mana da kwamfuta da wani abu mai rufe kunnuwa duka biyu da take kira hedifon. Ni takunkumin kunne nake ce masa, kuma har gobe ban canza ba. Wai sauti, abin da Allah ya yi don jama'a su ji tare, a ɗaure shi a kan mutum guda yana murmushi shi kaɗai kamar mai taɓin hankali!

Duk shekara, kwana uku bayan babbar Sallah, zuriyar kakanmu kan taru a ƙofar gidanmu. Bana Lauratu ta ce za ta ɗauki muryar mahaifiyata, Inna Asabe, wadda ta haura tamanin, ta ba da labarin yadda sunka baro Nasarawa Burkullu bisa jakuna tana yarinya, a sa wa jama'a ran taro. Kwana huɗu tana shiga ɗakin Inna da makirfo biyu. Inna da ba ta yarda a ɗauke ta hoto, sai ga ta tana tambayar ko muryarta ta fita da kyau.

Ran taro da hantsi Lauratu ta ɗora mini takunkumin ta ce in saurara. Na ji Inna tangaran, kamar tana zaune a kafaɗata ta dama. Takan yi magana ta yi shiru, ta kuma ci gaba, na ce a raina tsohuwa ce, numfashi take mayarwa. Lauratu ta tambaye ni ko na ji yadda ta tsara ɗakin: Inna a dama bisa tabarmarta, ita a hagu tana tambaya, kaza ta gifta ta baya, turmin maƙwabta can nesa. Na ce mata har ƙwan da kazar za ta saka na ji. Ta sake tambaya ko kayana za su ɗauki ɓangarorin biyu, hagu da dama. Nan raina ya ɓaci. Na ce mata kayan da sunka ɗauki muryar manyan malamai tun ba a haife ta ba, ba su za su kasa ɗaukar kaza ba.

Bayan la'asar mutum ya kai ɗari uku ƙarƙashin darbejiya. Lasifika huɗu na ɗaura, kowace ta kalli kusurwarta. Inna ta sha sabuwar atamfa, anka aje mata kujera a gaba, ta tara ƙawayenta uku da sunka rage a duniya. Na haɗa kebul, na danna.

Sai muryar Lauratu ta cika gari: "Inna, kina 'yar shekara nawa kunka baro Nasarawa?" Shiru. Wani ɗan gunguni kawai can ƙasa, kamar ana magana cikin rijiya. Jim kaɗan sai: "Allah sarki, Inna! To sai anka yi yaya?" Shiru kuma. Da anka kai ga "Kai, wannan labari da daɗi yake," ƙanena Labaran ya faɗo daga benci don dariya.

Malam, ni mutum ne da in kunya ta kama ni bakina ke riga hankalina tashi. Na kashe abin, ko minti biyu bai yi ba, na ɗauki makirfo na ce jama'a su yi haƙuri, wanga shi ne boko, shekara huɗu tambaya kawai anka koya wa yarinya, amsar sai ta koma aji na gaba. Da na ga an yi dariya sai na ƙara da cewa Inna ma ta faɗi jarrabawa, an cire ta daga shirin. An yi dariya ƙwarai. Ban taɓa samun dariya irin ta ran nan ba, kuma ban taɓa fatan a mayar mini da ita ciki kamar yau ba.

Inna ta tashi ta shige gida. Yanzu abin da ta riƙe shi ne jikarta ta goge muryarta da gangan, don bakinta ba haƙora kuma Hausarta ta mutanen da ce, kada ta kunyata ta gaban 'yan birni. Lauratu ta shiga gaishe ta, Inna ta juya fuska bango. Ta kai mata fura, ta dawo yadda ta tafi. An kai mata takunkumin an ce ta saurara da kanta, ta ce ba a ƙara sa mata ƙarfe a kai. Ita kuma Lauratu ta haɗa kayanta. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da na samu abin riƙewa. Cewa kawai ta yi, Baba na ba ka ka saurara, ka ce ka ji komai.

Washegari Dalhatu, wanda ban so ya san komai ba, ya zo har gida wai jaje. Ya duba kebul ɗina ya ce ɓangaren hagu kaɗai yake ɗauka. Ni na haɗa shi da hannuna shekara tara da sunka wuce, kuma bai taɓa ba ni kunya ba, don duk mai hankali a tsakiya yake aje murya. Wa ya aiki Lauratu ta raba mutane gida biyu? Mutum ɗari uku a fili, wasu gabas wasu yamma, yara bisa katanga, mata cikin gida, ina hagunsu ina damarsu? Ɗakin Inna take so ta gina cikin kan mutum guda, mu kuma da munka zo da dangi mu ci ƙasa? Wannan son kai ne anka yi wa ado da ilimi, kuma ina so ka faɗa mata haka a jarida, ta fi jin maganar masu buga rubutu.

Akwai wani ɗan abu da ban faɗa ba, ba shi da wani muhimmanci. Kunnena na hagu ya mutu shekara huɗu ke nan. Ka san mai gwada lasifika ƙarƙashinta yake tsayawa. Ba wanda ya sani. Ina zama inda kowa zai faɗo damana, a masallaci ina bin bangon hagu, matata Zainab ta ɗauka girman kai ne ya same ni da tsufa, na bar ta a haka don girman kai ya fi sauƙin ɗauka. Saboda haka da hantsin nan ban san akwai Lauratu a cikin abin ba sam, balle kaza. Amma ka gaya mini, wa zai ɗauki kurma aikin lasifika? In maganar ta fita, Dalhatu zai kwashe Gummi da Bukkuyum cikin mako guda, ni kuma a riƙa yi mini magana da hannu a kasuwa.

To ka yanke. Wanga hagu da dama da yaran zamani ke rawar kai a kansa, yana da wani amfani in ba ga mai takunkumi ba? In ba shi da shi, laifin nata ne, ta ba Inna haƙuri a wuce wurin.

Mai Lasifika Huɗu,
daga yammacin Zamfara

Amsa

Malam Mai Lasifika, wa alaikumus salam. Na yi dariya a farkon wasiƙarka, amma ban kai ƙarshenta da dariya ba.

Bari in fara da tambayar da ka yi, tunda ita ka sa a gaba. Na tuntuɓi wani abokina da ya daɗe yana haɗa sauti a gidan rediyo, kuma a kan fili gaskiyarka ce. A hedifon kowane kunne nasa ɓangaren kaɗai yake samu, shi ya sa wurin da aka ajiye kowace murya yake fitowa sarai, har mai sauraro ya ji kamar yana cikin ɗakin. Da lasifika biyu a ɗaki abin yakan ragu, domin kowane kunne yana jin duka biyun, kuma wanda ya zauna a tsakiya ne kawai yake samun cikakken tsarin. A fili kuwa, da lasifika huɗu kowace ta kalli gabanta, tsarin nan ba ya isa ga kowa. Ya kamata Lauratu ta yi kwafi na biyu wanda ta haɗe muryoyin a tsakiya saboda taro, ta kuma gwada shi a kan kayan da za a yi amfani da su. Wannan darasi ne da za ta riƙe a aikinta.

Sai dai aikin da ta yi ba son kai ba ne. Ranar da Inna ba ta nan, jikokinta za su sa abin nan a kunne su same ta a dama bisa tabarmarta, da kazarta da turmin maƙwabta. Lasifikarka za ta iya kai muryar Inna ƙarshen gari, amma ba za ta iya ajiye musu ɗakinta ba. Kowanne da ranarsa.

Yanzu ga abin da ka kira ɗan abu. Yarinyar nan ta yi gwajin da ya kamata, kuma kai ne ma'auninta. Sau biyu ta tambaye ka, sau biyu ka ba ta amsar da ka san ba ka da ita. Da ka ce mata Inna kaɗai kake ji, da cikin minti goma ta gyara. Kuskuren kebul kowa na iya yinsa. Amma maganar cire Inna daga shiri daga bakinka ta fito, ta makirfo, kuma ita ce tsohuwar take kwana da ita take tashi da ita. Ba zan rubuta wa Lauratu ta ba da haƙuri a kan wannan ba.

Kafin Asabar ka zauna da Lauratu ka gaya mata maganar kunnen, ita da mahaifiyarta, wadda ta yi shekara huɗu tana haƙuri da girman kan da ba ka da shi. Daga nan ka shiga wurin Inna kai kaɗai, ka durƙusa ka ce mata kebul ɗinka ne ya cinye muryarta, bakinka kuma ya ɗora wa jikarta. Tunda ta ƙi hedifon, kada a matsa mata. Ku ajiye ƙananan lasifika biyu a ɗakinta, ku kira ƙawayen nan nata uku, ta ji kanta daga farko har ƙarshe. Dangi kuma da suka yi dariya suna da haƙƙin jin gyara. Ka ɗauki muryarka kana janye maganar, a tura musu tare da shirin. Ka iya sa mutane dariya, wannan karon ka sa su yi da kai.

Ka je asibiti likitan kunne ya duba ka. Ban san ko na hagun zai dawo ba, amma na daman nan shi ne jarinka, kuma in ka ci gaba da tsayawa ƙarƙashin lasifika zai bi ɗan'uwansa. Tsoron Dalhatu kuma ka rage shi. Shekara huɗu kana aiki da kunne ɗaya ba wanda ya kai ƙara, kuma mutumin da ya zo gida ya nuna maka kebul a ɓoye bai yi kama da mai son tona ka ba. Abin da ya kunyata ka ran taro ɓoyewar ce. Ga ka da gogewa, ga ɗiya mai kunne biyu da ilimin aikin, ban ga dalilin da zai sa ku zama abokan gardama ba.

Abu na ƙarshe. Ka saurari ɓangaren Inna gaba ɗaya, amma na Lauratu minti biyu kawai ka bari ya yi. Ka karɓi takunkumin nan, ka juya shi, na hagu ya koma kunnenka na dama, ka zauna ka ji yadda ɗiyarka ta yi kwana huɗu tana lallashin mahaifiyarka ta yi magana. In ka gama, ba sai na gaya maka ɗakin da za ka fara shiga ba.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya tsare maka kunnen da ya rage, ya sa Lauratu ta tafi Gusau da albarkar kakarta.

Muktar