Inna, Kanumfari Ya Rufe Mini Hanci

Zuwa ga mahaifiyata, a makwancinta na Badaguishiri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima, ɗiyarki Rabi ce. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko kina da rai sai an karanta miki. Amma yau ba ni da wanda zan buɗe wa cikina sai ke.

Ina zaune a gindin itacen bedi a farfajiyar gidan likita, nan Konni, rana ta take. Ummi, takwararki, tana kwance a ciki ana yi mata ƙarin ruwa, yau kwana uku. Shekararta biyu kika bar ta, yanzu biyar. Majo, shugaban masu jinya, ya ce in fito in sha iska. Inna, ina jin tsoro. Tun da kika haife ni ban taɓa jin irinsa ba.

Ni na ba ta abin da ya kwantar da ita. Bari in faɗa miki tun daga farko.

Kin tuna Layyarki. Rago ya wuni a miƙe gefen wuta, washegari a raba, abin da ya rage ki zauna kansa. Ki ɗauki tsoka ki kai hanci, ki ajiye, ki ɗauki wata. Mu muna haɗiyar yawu, ke kina shinshine kamar mai neman ɓarawo. Sai kin gama za ki daka kanumfari da citta da masoro da kimba, ki soya naman har ya bushe ƙayau, ki bar shi cikin kitsensa. Har damina ta faɗi muna ci, ba wanda cikinsa ya taɓa murɗawa.

Wata shekara na ce ki zuba yajin tun farko mu huta. Kika dungure mini kai kika ce, "Hanci ka hwara ci, baki na biya. Yaji mai gadi na, ba shi tada matacce." Na yi dariya, na ɗauka irin maganganunki ne na tsofaffi.

Autanki Sani yana nan a jami'a a Yamai, ya zama mutum, har da gilashin ido. Da azumi ya zo hutu da wata 'yar kwalba, irin wadda ake zuƙo ruwan allura. Ya ce man kanumfari ne, su suka tatse shi da tururi. Ya zana mini a ƙasa yadda suke shuka ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci a faifan gilas, su ɗiga man a tsakiya, washegari su tarar ƙwayoyin sun cika faifan amma sun bar fili kewaye da ɗigon, ba wadda ta iya matsowa. Ya ce ashe Inna malama ce ba ta sani ba. Muka yi ta dariya, sannan muka yi kuka.

Wallahi ya gargaɗe ni. Ya ce abin da suka gani a gilas suka gani, ba su gama gwada shi a tukunya ba, kada in bar wuta in dogara da kwalba. Na ce da shi ni na goye shi, ba zai koya mini girki ba. Na karɓe kwalbar na sa a adaka.

Layyar bana ta faɗo a tsakiyar bazara, zafin da ko kaza ba ta fita. Ran suya baƙi suka cika gidan, itace ya ƙare mini a kaskon ƙarshe, kuma naman cinya ne, mai kauri, wanda wuta ba ta ratsa ba ta wajen ƙashi. Maƙwabciyata tana da firigo, na'urar sanyaya abinci. Girman kai ya hana ni aikawa, kada a ga ƙanƙantar ragonmu. Na tuna kwalbar Sani. Na ɗiga, na ƙara, na juya, na rufe a kwano na tura ƙarƙashin gado, a ɗaki mai rufin kwano, Inna. Har ina yaba wa kaina dabara.

Bayan kwana biyu na buɗe. Na kai hanci kamar yadda kika koya mini, ba abin da na ji sai kanumfari, ƙamshi har cikin ƙwaƙwalwa. Amma yatsana ya ji yauƙi. Ba zan ɓoye miki wannan ba, na ji shi, na goge a zane. Ummi tana jan haɓar zanena tana cewa nama, nama. Ko ɗumamawa ban yi ba. Na zaɓo mata tsoka mafi taushi, na yayyage mata da hannuna, ta ci tana rawa da kai. Ni ma na ci kaɗan, cikina ya yi ƙugi ya bari, abin babba.

Washegari da hantsi ta fara amai. Kafin la'asar zawo, jiki kamar garwashi. Uwar mijina ta ce baki ne, yarinyar ta yi kyau da kayan Salla, aka kawo rubutu da turare. Mijina, Malam Idi, ya ce ruwan rijiya ne. Ni da na san gaskiya na ja bakina na yi shiru, yini guda cur, ina kallo ana turara ta tana zubewa. Wannan yinin ya fi naman ci mini rai.

Sai da aka kawo ta nan, majo ya tsare ni da ido ya tambayi abin da ta ci, na fito da kwalbar daga bakin zane. Ya shinshina, ya mayar mini. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce man ba shi da laifi, yana iya taimaka wa nama mai lafiya ya daɗe, amma 'yan ɗigo ba sa gyara abin da ya riga ya juya, ƙamshin kawai ya danne warin da zai cece mu. Da Faransanci ya fara, ya ƙare da Hausa, kuma duk abin da ya faɗa kin riga shi faɗa a bakin murhu.

Malam Idi ya tsallaka iyaka neman wani magani da babu a nan. Har yanzu yana zagin rijiya. Idan ya dawo zan gaya masa, ko me zai yi ya yi. Sani kuwa ban aika masa ba. Na san halinsa, zai ce shi ya jawo, ya watsar da binciken kanumfarin da yake yi da sunanki.

Da kin ga Ummi da ba ki gane ta ba. Idanun sun faɗa. Idan na ɗan ja fatar cikinta sai ta tsaya a tattare, ba ta komawa. Tana buɗe baki ta yi kuka, ba hawaye. Ɗazu ta kalle ni ta ce in ba ta ruwa ba za ta sake ba, tana tsammanin horo nake mata.

Tun jiya ba ta yi fitsari ba. Majo ya ce fitsarin muke jira, idan ya zo kafin magariba akwai sauran magana. Yarinyar nan, Inna, sau nawa na make ta saboda fitsarin kwance, na shanya tabarmarta a tsakar gida don ta ji kunya. Yau kowane ɗan lokaci sai in shiga in tura hannu ƙarƙashinta, in fito da shi a bushe.

Ya Allah, Kai ne Mai rayawa. Kada Ka kama yarinya da laifin uwarta. Ka mayar mata da ruwan jikinta, Ka tashi kafaɗunta. Ka jiƙan Innata, Ka haskaka makwancinta, Ka sada ta da Manzo.

Ke kuma Innata, na san ba ki da iko da komai yanzu, amma bari in roƙe ki. Tana jaririya, duk sanda na gaji sai ki miƙo hannu ki ce in kawo ta. Ba ki taɓa mayar da ita ba sai ta yi barci. Wannan karon, idan kin hango ta tafe, kada ki miƙo hannu. Ki ɗaure fuska, ki kore ta, ki ce uwarta na jira.

Zan shiga in sake dubawa.

Ɗiyarki mai kunnen ƙashi,
Rabi